Gasasshiyar kabewa a madadin firit: tambayoyi da amsoshi

A Damagaram wuri ɗaya aka sani na kabewa, wato tukunyar miya. A yanko ɓari a kasuwa, a jefa a taushe ta narke, miya ta yi kauri, shi ke nan. Shi ya sa duk wadda ta ji an ce ana yanka ta siri-siri a gasa a fur, wato tandar gida, a ci a matsayin firit, soyayyen dankalin turawa ke nan, sai tambayoyi su biyo baya. Ga waɗanda aka fi yi mini, yawanci daga mata, wasu kuma daga magidanta da likita ya hana su maiƙo.

Malama, tsakani da Allah, ɗanɗanonta ɗaya da na firit?

A'a, kuma gara ki ji daga bakina tun yanzu. Dankalin turawa cike yake da sitati, wajen giram 15 a kowane giram 100, ruwansa kuma bai kai kashi 80 cikin 100 ba. Idan ya faɗa tafasasshen mai sai ruwan bayansa ya tsere, sitatin ya bushe ya zama ɓawon nan mai ƙaras-ƙaras da yara ke rububi. Kabewa ba haka Allah ya yi ta ba. Ruwanta yana kaiwa kashi 86 zuwa 92, sitatinta kaɗan ne, zaƙi ya fi fitowa a bakin mai ci.

Idan kin yi daidai, gefe-gefenta zai yi ja ya ɗan ƙame, kusurwoyi su yi duhu, ciki ya yi laushi. Ta fi kusa da soyayyen dankalin Hausa. Saboda haka kada ki ajiye wa yara ki ce musu ga firit. Za su ɗauki ɗaya su gane an yi musu wayo, gobe ko kin yi ta da kyau ba za su kalle ta ba. Ki ce musu gasasshiyar kabewa ce da yaji.

To ina lafiyar da ake cewa ta fi?

Galibinta a mai take. Ɗanyen dankalin turawa kalori 77 ne a giram 100 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), ba wani abin tsoro ba. Amma da zarar an soya shi firit, giram 100 ɗin nan yana komawa wajen kalori 310, da giram 15 na mai a ciki, domin ruwan da ya fita mai ne ke maye gurbinsa. Faranti matsakaici na giram 150 ya haura kalori 450 ke nan, tun ba a zo ga nama da mayonez ba.

Ita kabewa ɗanya tana tsakanin kalori 26 zuwa 45 a giram 100, gwargwadon irinta. Kilo guda da aka fere cokali biyu na mai ya ishe shi, kowane babban cokali kuma kalori 120 ne. Ki haɗa kabewar da man da ɗan garin da za a barbaɗa, duka farantin ba zai wuce kalori 750 ba. Mutum huɗu suka raba, kowa bai kai 200 ba.

Abu na biyu shi ne launinta. Jan nan na cikin kabewa beta-karotin ne, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Giram 100 na kabewa mai ja sosai yana ba da maikirogiram 400 zuwa 500 da ɗoriya, babbar mace kuma wajen 700 take buƙata a rana. Farin dankalin turawa kusan babu ko ɗaya a cikinsa. Ta ɓangaren fotasiyam da bitamin C kuwa ba a bar dankali a baya ba, kada a yi masa ƙazafi.

Yaya, wace iri zan saya? Duk kabewa ɗaya nake ganin su.

Ba ɗaya ba ne, kuma rabin aikin a kasuwa ake gama shi. Wadda miya ke so, mai saurin narkewa, ita ce gashi ba ya so. Ki nemi wadda ta ƙosa, mai tsoka mai tauri.

Idan guda za ki ɗauka, ki ɗaga ta ki ji ta fi girmanta nauyi. Ki danna farce a ɓawon: in ya shiga da sauƙi ba ta ƙosa ba. Ki dubi hancinta, wurin da aka tsinke ta daga yaɗo, ya zama busasshe mai tauri. Ki juya gefen da ya kwanta a ƙasa, nan ruɓa ke fara ɓoyewa.

Amma yawancinmu yanki muke saye, kuma ya fi sauƙin tantancewa tunda cikin a buɗe yake. A Kasuwar Dole za ki tarar da mai kabewa ya jera ɓari-ɓari a kan buhu, wuƙarsa a gefe. Ki tsuguna ki duba da kyau. Wadda kike so launinta ja ne mai duhu har kusa da ɓawo, kaurin tsokar ya kai yatsa uku, fuskar yankan a shafe take sumul, da ƴan ɗigon ruwa masu danƙo da suka fito suka daskare. Wadda ta yi fari-fari, ko zare ya ratsa tsokarta, ko kika danna yatsa ya lotsa, ki bar wa miya. Kada ki karɓi yankin da ya wuni a rana ƙuda na bi. Ki ce masa, «Baba, a yanko mini sabo,» ba zai ƙi ba.

Akwai mai siffar gora, mai dogon wuya. In kin dace da ita ki ɗauka, domin wuyan nan tsoka ce zalla babu rami, yanka ya fi fitowa a miƙe. Ranar Alhamis, da kaya ke shigowa daga ƙauyuka da lambunan Mirya da Gidimuni, an fi samun zaɓi. Bayan kaka kuma sai ta yi araha, a lokacin da dankalin turawa sai an yi doguwar tafiya da shi daga lambunan Agadas ko Bonkuku ko Jos.

Feraye ta yana ba ni wahala, wuƙa tana zamewa.

Kada ki riƙe ta a hannu kina fere wa kamar lemo, nan ake yanke yatsa. Ki raba ta gunduwa-gunduwa tukuna, ki kwashe ƴaƴan da zaren da cokali, ki kifa kowace gunduwa a kan katako ta zauna daram, sannan ki sassaƙe ɓawon daga sama zuwa ƙasa. Wuƙa mai kaifi ta fi dakusasshiya aminci. Ki cire har farin layin da ke ƙarƙashin ɓawo, shi ne ke yin tauri a baki.

Kaurin yankan santimita ɗaya, kwatankwacin ƙaramin yatsanki, tsawo kuma santimita 6 zuwa 8. Su zo daidai da juna, in ba haka ba sirara su ƙone kafin masu kauri su nuna. Guntayen da suka ƙi miƙewa a tara su don miyar dare.

Hajiya, na gwada, ta fito laɓe-laɓe tana ruwa, ta manne a faranti. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma amsarta ruwa. Duk dabarar gasa kabewa ta raba ta da ruwanta ce. In ruwan bai samu hanyar fita ba sai ya zama tururi ya lulluɓe ta, ki buɗe fur ki tarar kin turara kabewa ba gasawa ba.

Ki fara da gishiri. Bayan yanka ki barbaɗa rabin ƙaramin cokali a kilo guda, ki cakuɗa, ki zuba a matsami ko kwando ki bar shi minti 20 zuwa 30. Ki leƙa ƙarƙashi za ki ga ruwa ja-ja ya taru, sandunan kuma sun yi sheƙi, suna ɗan lanƙwasuwa ba su karye ba. Sai ki baza su a kan ƙyalle mai tsabta, ki ɗora wani a sama ki danna, ki goge har ki taɓa ki ji ba sa jiƙa yatsa. A lokacin hunturu iska ma tana taya ki: ki bar su a buɗe minti goma a inuwa, ki rufe da raga saboda ƙura.

Sannan gari. Tunda kabewa ba ta da sitatin da zai yi mata ɓawo, sai a ara mata. Babban cokali ɗaya zuwa biyu na Maïzena, wato sitatin masara, ko sitatin rogo, a barbaɗa a girgiza har ya bi ko'ina ba tare da an ga fari ba. Garin shinkafa mai laushi ma yana yi. Gari ake fara sawa, mai ya biyo baya. In kika juya tsarin sai garin ya dunƙule ya yi ƙulalai.

Sai jeri, wanda shi aka fi karyawa saboda gaggawa. Kowane sanda ya kwanta shi kaɗai, da tazarar yatsa tsakaninsa da ɗan'uwansa. Kilo guda ba ya shiga faranti ɗaya na ƙaramin fur. Ki raba biyu ki gasa bi da bi. Na san gaz kuɗi ne, amma in kika tula su wuri ɗaya kin yi asarar gaz ɗin da kabewar gaba ɗaya.

Na ƙarshe zafi. Fur mai ɗumi-ɗumi yana sa kabewa ta yi ta zubar da ruwa ba ta yi ja ba. Ki sa farantin ƙarfen a ciki tun lokacin da kika kunna, ya yi zafi tare da fur ɗin. Da kin jera sandunan ki ji sun yi «cuu». Mannewa kuma yawanci daga saurin juyawa ne: gefen da ya gasu da kansa yake sakin faranti, wanda bai gasu ba in kika tilasta masa sai ya yage.

Ki ba ni awo da lokaci daki-daki.

Kabewa ferarriya kilo 1, gishiri rabin ƙaramin cokali, sitati babban cokali 1 zuwa 2, man gyaɗa babban cokali 2, sai kayan yaji. Ki kunna fur a digiri 220 ya yi minti 15 yana zafi. Ki jera, ki sa a tsakiya ko ɗan sama, ki bar ta minti 15 zuwa 20 ba tare da kin taɓa ba. Ki juya da faffaɗan cokali, ki ƙara minti 10 zuwa 15. A lokacin juyawa ki bar ƙofar a buɗe na ɗan lokaci tururi ya fice. Idan ta fito kada ki rufe ta, kada ki tula ta a kwano mai zurfi, ki bar ta minti 5 a kan farantin, a nan take ƙara ƙamewa.

Fur ɗin gaz da yawa a gidajenmu ba su da ma'aunin zafi, sai babbar wuta da ƙarama. Ki sa babba. Ki ɗiga ruwa a farantin: in ya yi tsalle ya ɓace nan take, ya yi. Irin waɗannan fur ɗin ta ƙasa suke ci, don haka ki ɗaga farantin sama kaɗan, ki riƙa leƙawa tun daga minti 12. Kuma kada ranar da kika gayyaci baƙi ta zama ranar gwajinki na farko, ba a fafe gora ranar tafiya.

Inna, mu ba mu da fur. Mun fita daga sahu ke nan?

Ba ku fita ba, ƴata. Yadda ake gasa kek a tukunya haka za ki yi. Ki sami babbar tukunya mai kauri, ki zuba yashi mai tsabta kaurin yatsa biyu, ki ɗora a kan garwashi ki rufe, ya yi minti 15 zuwa 20 har in kin miƙa hannu ciki ba za ki iya daɗewa ba. Ki sa ƙananan duwatsu uku a kan yashin, ki ɗora farantin kabewa a kansu, ki rufe, ki zuba garwashi a kan murfin don zafi ya zo ta sama da ƙasa.

Bambancinta da kek shi ne kek yana son a rufe shi ruf, kabewa ba ta so. Ki saƙala cokali a bakin murfin ya bar ƴar kafa. Duk lokacin da kika buɗe ki goge gumin da ke cikin murfin kafin ki mayar, kada ya ɗiga a kanta. Za ta ɗauki lokaci fiye da fur, kuma kaɗan-kaɗan za ki riƙa yi.

Ni dai ga mai mutum biyu ko uku na fi ba da shawarar kasko. Kasko mai kauri, a shafa masa mai da ɗan ƙyalle ko buroshi, wuta matsakaiciya, a jera layi ɗaya, minti 4 zuwa 5 kowane gefe, babu rufewa. Ja ɗin da take yi a kasko ya fi na tukunya. Akwai kuma raga a kan garwashi, yadda ake gasa nama, sai dai a nan ki yanka da kauri kada su faɗa wuta, kuma ki bar sitatin.

Idan taro ne kuma kuna da gidan buredi a unguwa, ki yi magana da su. Bayan sun kwashe buredi tandarsu tana daɗewa da zafi, kuma farantansu manya ne.

Gargaɗi ɗaya: garwashi a tsakar gida ake hura shi. A lokacin sanyi kada a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa, yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, tana kashe mutane cikin barci.

An kawo mini na'urar nan mai suya da iska mai zafi. Za ta yi?

Ita ta fi kowa iyawa, domin iskar da take hurawa tana kwashe tururi. Digiri 190 zuwa 200, minti 15 zuwa 20, a girgiza kwandon sau biyu, kada a cika shi ya wuce rabi. Matsalarta kuran. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, kada ki bar kabewar a ciki tana jira, ki kwashe ki ƙarasa a kasko.

Tunda lafiya ake nema, me zai hana a bar man gaba ɗaya?

Kada ki bari. Beta-karotin a mai yake narkewa, in babu ɗan maiƙo a abincin jiki ba ya ɗaukarsa yadda ya kamata. Ban da haka, kabewar da ba a shafa wa mai ba bushewa take yi ta yanƙwane, yaji ma ba ya kama ta. Cokali biyun nan suna da aikinsu. Abin da nake roƙo shi ne a auna da cokali, kada a karkata kwalba a ce «ɗan kaɗan», domin hannun da ya saba da suya bai san kaɗan ba.

Man gyaɗa na gida, irin na matan Matamaye da Magarya, ƙamshinsa ya dace da zaƙin kabewa. Wani alherin gashi da ba a cika faɗa ba: babu ragowar mai da za a tace a mayar kwalba, a sake soyawa gobe da jibi har ya yi baƙi yana kumfa. Man da aka yi ta maimaita tafasawa lalacewa yake yi, kuma shi ne a kaskon masu firit da yawa na bakin hanya.

Wane yaji ya fi dacewa?

Zaƙinta yana son abin da zai tsaya masa. Garin tattasai na Diffa don launi da ƙamshi, ɗan barkono, citta, masoro, garin tafarnuwa. Waɗannan a cakuɗa da mai kafin gashi. Ɗanyar tafarnuwa ƙonewa take yi a digiri 220 ta yi ɗaci, a bar ta. Yajin ƙuli-ƙuli kuwa, wanda a ganina babu kamarsa a nan, sai an sauke ake barbaɗawa tana da zafi, a matsa lemon tsami a kai. Na ga masu sa kirfa da sukari. Ban hana ba, amma an koma kayan zaƙi ke nan, ba abin da za a ci da kifi ba.

Maigidana yana da ciwon suga. Kabewa ba zaƙi gare ta ba?

Zaƙin baki daban, nauyin abin da ke komawa suga a jini daban. A giram 100, kabewa tana da giram 6 zuwa 12 na sitati da sukari a haɗe. Ɗanyen dankalin turawa 17, firit kuwa wajen 40, saboda ruwansa ya fita ya bar nauyin. To in Alhaji zai ci ɗaya daga ciki, kabewar ta fi masa sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai dai a madadin wani abu za ta zo, ba ƙari a kansa ba. In an zuba masa shinkafa ko tuwo cike da kwano sannan aka ɗora kabewa a gefe, ba a rage komai ba. A haɗa masa da gasasshen kifi ko ƙwai ko wake, da salati da shu. Sitatin barbaɗawa a tsaya a cokali ɗaya. In yana da na'urar awo a gida, ya auna awa biyu bayan cin abincin ya ga yadda jikinsa ya karɓa, domin mutane sun bambanta. Kuma kabewa ba magani ba ce. Kada wani ya ce masa ya ajiye ƙwayoyinsa ko allurarsa saboda ita.

Mai hawan jini fa?

Gishiri za a kula da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a dunƙule da buredi da yaji. Gishirin da aka sa don tsotse ruwa wani sashe yana tafiya da ruwan, amma kada a ƙara wani bayan gashi, kuma a tuna yajin kasuwa akwai gishiri da dunƙule a ciki. In an hana shi gishiri sam, a tsallake matakin, a goge kabewar sosai a bar ta ta sha iska.

Mai ciwon ƙoda shi ne zai tambayi likitansa tukuna, domin kabewa tana da fotasiyam wajen miligiram 350 a giram 100, ƙodar da ta raunana kuma ba ta iya fitar da shi. Dankalin turawa ma ya fi ta yawansa.

Zan iya ba ɗan yaye?

Daga wata shida, lokacin da ake fara haɗa nono da abinci. A ware nasa tun kafin gishiri da barkono, a gasa ya yi laushi, a cire gefen da ya ƙame, a murƙushe da ɗan mai. Ƙarancin bitamin A shi ke kawo dundumi, ya kuma raunana yaro a gaban ƙyanda da zawo, don haka kabewa, karoti, mangwaro da ganyen zogale duk abokan yara ne. Amma ba su maye gurbin ɗigon bitamin A da ma'aikatan lafiya ke ba yara ƴan wata 6 zuwa 59 ba. In an zo unguwa a fito da su.

Yaron da ke yawan cin kabewa ko karoti wani lokaci tafin hannunsa da na ƙafarsa sukan yi rawaya. Ba cuta ba ce, in an rage ci yana wucewa. Ki duba farin idonsa: in fari ne tas, kabewa ce. In idon ya yi rawaya, wannan ciwon shawara ne, a tafi asibiti.

Malama, ba gardama ba, amma me zai hana in gasa dankalin turawan kansa?

Babu abin da zai hana, kuma tambayar mai hankali ce. Dankalin da aka yanka aka gasa da cokali biyu na mai ya fi soyayye sauƙi ƙwarai, kuma ya fi kabewa yin ƙaras-ƙaras. Wanda damuwarsa mai ce kawai, wannan ya wadatar da shi. Kabewa ta sha gabansa ne a bitamin A, da ƙarancin sitati, da kuɗi a mafi yawan watanni. A gidan da yara suka kafe a kan firit, a raba farantin biyu, dankali a gefe kabewa a gefe. Dankalin a fara sa shi, kabewa ta biyo bayan minti 10.

Wani abu game da dankali: a shekarar 2002 masu bincike a Suwidin suka gano cewa abinci mai sitati da aka soya ko aka gasa a zafin da ya wuce digiri 120 yana samar da wani sinadari, akirilamid, wanda hukumar binciken ciwon daji da ke Liyon a Faransa ta sa tun 1994 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar. Firit yana cikin abincin da ya fi yawansa, kuma yana ƙaruwa ne gwargwadon duhun suya. Gashi bai kuɓutar da kowa daga wannan ba. Ko dankali ko kabewa, a sauke in ta yi ja, wadda ta yi baƙi a tsince a zubar.

Na taɓa yanka wata na ɗanɗana na ji ɗaci. A sa sukari?

A zubar da ita duka. Dangin kabewa da duma da guna wani lokaci suna tara sinadari mai ɗaci, kukurbitasin, musamman waɗanda suka fito da kansu a juji ko suka yi barbara da na daji. Wuta ba ta kashe shi, kuma yana sa amai da zawo mai tsanani. Ki mayar da shi al'ada: kafin ki fere, ki yanki ɗan ƙarami ki taɓa a harshe.

Ƴaƴan fa, a watsa wa kaji?

Haba. Ki wanke su ki raba su da zaren, ki shanya su bushe, ki soya a busasshen kasko da wuta kaɗan har su fara fashewa. Ƙwayar cikin kusan kashi 30 cikin 100 furotin ce, ga zinki da maganiziyam da sinadarin ƙarfe. Sai dai kusan rabinta mai ne, a ci tafin hannu ɗaya. Kada a ba ƙananan yara su guda-guda, suna shaƙewa.

Za ta rage mini ƙiba?

Ita kaɗai a'a. In kin saba cin firit sau da yawa a mako kika mayar da shi wannan, kin rage kalori 250 ko fiye a kowane zama, kuma a hankali zai nuna. Amma in kika tsoma kowane sanda a mayonez, wanda babban cokalinsa ɗaya ya kusa kalori 100, an gudu ba a tsira ba. Ki dama kindirmo marar sukari da tafarnuwa da lemon tsami, ko ki yi ɗan miyar tumatir da albasa.

Zan iya gasawa da safe in ajiye don buɗa-baki, ko in riƙa yi ina sayarwa a ƙofar lakwal?

Ba ta jira. Minti 20 bayan saukewa ruwan ciki ya fara fitowa ya jiƙa ɓawon, in kuma aka zuba ta a kula ko leda aka rufe, nan da nan take saki. Ga azumi, ki yanka ki sa gishiri bayan la'asar, ki goge ki baza a tire, ki kunna fur saura minti 45 a kira magariba.

Ragowa kada ta wuce awa biyu a waje, a zafin Afrilu da Mayu kuwa, da muke haura digiri 40, awa ɗaya. A firigo tana kwana uku in kuran ya zauna. Ɗumame a busasshen kasko ake yi, minti 3 zuwa 4. In ta yi laushi da yawa a murƙushe ta a miya ko a cikin wake.

Sana'a kuwa, a tire a ƙofar lakwal ba za ta yi ba, kafin a tashi yara ta kwanta. Inda take da kasuwa shi ne wurin mai gasa kifi ko kaza da dare, wanda garwashinsa ke ci koyaushe. Ya ajiye yankakkiyar kabewa a goge a rufe da raga, in mai saye ya zo ya gasa masa nan take, ya barbaɗa yaji, ya miƙa a takarda a buɗe.